Rajista, Na'urar Yatsa, Manhajar Waya ko Cikakken Tsari: Wanne Ya Dace da Ƙididdigar Zuwa Aiki a Ma'aikatarka?

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin akanta a makon biyan albashi ya san irin jayayyar da ake yi a can. Ma'aikaci zai shigo da takardar albashinsa a hannu yana cewa, "Ranka ya daɗe, ranar Talatar nan na zo aiki, maigadi ma shaida ne," akanta kuma ya juya masa allon kwamfuta inda aka rubuta cewa ya yi fashi. Sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗa. Mutumin ya zo, ya kuma dangwala yatsa, amma manhajar ta kasa haɗa shigarsa da fitarsa, sai ta yanke masa hukuncin wanda bai zo ba.

Mai shirin sayen tsarin ƙididdigar zuwa aiki yakan fara tambaya a kan na'ura: ta yatsa ce ko ta fuska, nawa ne kuɗinta, ma'aikata nawa take ɗauka. Waɗannan tambayoyi ne masu kyau, sai dai galibi na'urar ba ta san makara ba, ba ta san fashi ba. Abin da take adanawa layi ɗaya ne kacal a kowane dangwale: lambar ma'aikaci, kwanan wata, lokaci, da wani lokaci alamar shiga ko fita. Sauran hukuncin duka yana fitowa ne daga dokokin da aka saita a manhaja, kuma a nan ne zaɓuɓɓukan da ke kasuwa suka fi bambanta da juna.

Yadda ake haɗa dangwale har a kai ga hukunci

Manhaja takan bi matakai a jere. Da farko tana tantance wane shif ne kowane dangwale ya shafa, kuma tana yin haka ne ta hanyar wata tazarar lokaci da aka buɗe kafin fara aiki da bayan tashi. Idan aiki yana farawa ƙarfe 8:00 na safe, aka ce a karɓi dangwale tun awa ɗaya kafin nan, to wanda ya dangwala ƙarfe 6:40 ya faɗa waje da tazarar, kuma wasu manhajoji za su yi kamar bai dangwala ba sam. Ma'aikacin da ya fi kowa sammako shi ne zai iya fitowa a jerin 'yan fashi.

Bayan nan sai haɗa shiga da fita, kuma hanyoyi uku ne aka fi amfani da su. Akwai wadda ke ɗaukar dangwalen farko a matsayin shiga, na ƙarshe a matsayin fita, ta watsar da na tsakiya. Akwai wadda ke bin su bi-da-bi: na farko shiga, na biyu fita, na uku shiga, haka har ƙarshe. Akwai kuma wadda ba ta yarda da komai sai alamar da ma'aikaci ya danna da hannunsa a kan na'ura.

Bambancin yana da girma fiye da yadda ake zato. A ɗauki ma'aikacin da ke aiki daga 8:00 na safe zuwa 4:00 na yamma. Ya iso ya dangwala ƙarfe 7:52, bai ji ƙarar na'ura sosai ba saboda hayaniyar janareta, sai ya sake dangwalawa ƙarfe 7:53. Ya fita sallar Azahar da cin abinci ƙarfe 1:05, ya dawo 2:20, ya tashi 4:06. Hanyar farko za ta ba shi awa 8 da minti 14. Hanyar bi-da-bi, idan ta san ta watsar da maimaicin 7:53, za ta ba shi awa 5 da minti 13 na safe da awa 1 da minti 46 na yamma, jimilla awa 6 da minti 59. Idan kuwa ba a saita ta ta watsar da maimaici ba, za ta lissafa cewa ya shiga 7:52 ya fita 7:53, ya sake shiga 1:05 ya fita 2:20, sannan ya shiga 4:06 bai fita ba. Jimillar aikinsa ta zama awa 1 da minti 16. In har an ƙayyade cewa wanda bai kai awa biyu ba ya yi fashi, to mutumin da ya wuni yana aiki ya rasa kuɗin ranar saboda ya dangwala sau biyu a cikin minti ɗaya.

Aikin dare ya fi wannan rikitarwa. Ma'aikaciyar jinya da ta karɓi aiki ƙarfe 7:48 na daren Litinin ta miƙa ƙarfe 8:10 na safiyar Talata ta yi shif ɗaya cikakke. Manhajar da ke yanke rana daga 12 na dare zuwa 12 na dare za ta ga abu biyu daban: Litinin an shiga ba a fita ba, Talata an zo a makare da minti goma kuma ba a fita ba. Asibiti, gidan burodi, kamfanin sarrafa shinkafa, gidan mai, kamfanin tsaro, duk wanda ke da masu kwana a bakin aiki, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara yi wa mai sayarwa.

Mataki na ƙarshe shi ne rarraba matsayi: ya zo, ya makara, ya tashi da wuri, rabin rana, fashi, hutu da izini, ranar hutun gwamnati, ƙarin lokaci. A nan mintunan lamuni suke shigowa, kuma akwai wata 'yar tambaya da ake yawan mantawa da ita. Idan lamunin minti 10 ne, mutum ya zo 8:12, shin makarar minti 12 ya yi ko ta minti 2? Duka biyun ana yi, kuma wajibi ne ma'aikata su san wanne aka ɗauka tun kafin a fara. Sannan akwai batun fifiko: takardar hutu da aka amince da ita dole ta rinjayi rashin dangwale, in ba haka ba mai hutun haihuwa za ta tara fashin wata uku.

Ma'aunan da ya kamata a yi amfani da su

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne abin da tsari ke yi da rikodi mai giɓi. Kowace ma'aikata tana da wanda zai manta bai dangwala lokacin tashi ba. Tsari mai kyau yana ware irin wannan rana a matsayin abin da ke buƙatar duba, ya ba shugaban sashe damar gyarawa, ya kuma adana sunan wanda ya gyara, da lokacin gyaran, da dalili, ba tare da goge ainihin dangwalen ba. Tsarin da ke barin mutum ɗaya ya sauya lokaci ba tare da barin sawu ba ya mayar da maguɗi daga bakin ƙofa zuwa cikin ofis ne kawai.

Na biyu shi ne sassaucin jadawali. Ranar Juma'a ba daidai take da Talata ba a yawancin ma'aikatunmu, saboda ana tashi da wuri ko ana ba da dogon hutun masallaci. A watan azumi wasu gwamnatocin jihohin Arewa da kamfanoni da dama kan rage sa'o'in aiki. Hutun Sallah kuma yana rataye da ganin wata, don haka sanarwarsa kan zo a ƙurarren lokaci, har wani lokaci a ƙara kwana bayan an riga an sanar. Ana buƙatar tsarin da za a iya saka masa ranar hutu bayan ta wuce, ya sake lissafi da kansa.

Na uku shi ne tabbatar da cewa mai dangwalen shi ne ma'aikacin. Matsalar sa wa aboki hannu tsohuwa ce, kuma 'yar uwar matsalar ma'aikatan bogi ce da ta sa gwamnatin tarayyar Najeriya ta fito da tsarin tantance ma'aikata da biyan albashi na IPPIS a 2007. Sai juriya ga ɗaukewar wuta, ƙura da rashin sabis. Sai kuɗi, wanda ya haɗa da na saye da na kowane wata da na mai gyara. Sai sauƙin aiki ga wanda zai riƙa fitar da rahoto.

Ma'auni na ƙarshe shi ne doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan halittar jiki da ake gane mutum da su, irin su zanen yatsa da siffar fuska, cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma hukumar NDPC ce ke sa ido a kai. A Nijar ma akwai hukumar HAPDP mai irin wannan aiki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya kuma, a sashe na 5, ta hana mai aiki cire tara daga albashin ma'aikatan da dokar ta shafa sai inda doka ta yarda, yayin da sashe na 13 ya ba wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana hutun da bai gaza awa ɗaya ba. Manhajoji da yawa suna da wurin da za a rubuta "a cire kaza a kan kowace makara", kuma kasancewar wurin yana nan bai halatta amfani da shi ba.

Rajistar takarda da Excel

Littafin sa hannu da ake ajiyewa a teburin maigadi, wanda ake ja masa jan layi da ƙarfe 8:15, shi ne mafi arha, kuma ba ruwansa da wuta ko sabis. Haɗa shiga da fita ba ya ba shi wahala, domin suna layi ɗaya, kuma ɗan Adam ne ke karantawa, wanda ya san cewa wance tana aikin dare. Rauninsa sananne ne: kowa na iya rubuta lokacin da ya ga dama, aboki na iya sa wa aboki hannu, kuma kwafe shi zuwa Excel a ƙarshen wata aiki ne mai cin kwanaki da kawo kurakurai. Idan ruwa ya jiƙa littafin ko ya ɓace, shi ke nan. Ga ma'aikata goma zuwa goma sha biyar da mai wurin ke ganin su da idonsa kullum, rajista ta wadatar, kuma ba abin kunya ba ne a tsaya a kanta.

Na'urar yatsa ko fuska da manhajarta a kwamfutar ofis

Wannan ita ce aka fi gani a makarantun kuɗi, asibitoci da masana'antu, kuma na'urorin kamfanin ZKTeco na ƙasar Sin su suka fi yawa a kasuwa, sai irin su Hikvision, Anviz da Suprema. Kuɗinta na lokaci ɗaya ne: a sayi na'ura, a biya mai kafawa, tsohuwar manhajar ZKTime kuma takan zo tare da na'urar. Na'urar tana adana dubban dangwale a cikinta ko da babu intanet, ana kuma kwashe su ta filashi ko ta wayar sadarwa ta cikin ofis. Wasu samfura, irin su K40, suna da batir a ciki da ke riƙe su idan an ɗauke wuta. Waɗanda ba su da shi sai an haɗa su da inbata.

Ta fuskar dokokin haɗawa, manhajar ta fi ƙarfin yadda ake amfani da ita. A kowane jadawali ana iya saita lokacin fara karɓar shiga da lokacin rufewa, da na fita, da mintunan lamuni na makara da na tashi da wuri, da ko dangwalen fita wajibi ne, da abin da za a ɗauka idan babu shi. Tana kuma iya tafiyar da shif mai tsallaka dare idan an saita shi daidai. Matsalar ita ce mafi yawan masu kafawa ma'aikatan lantarki ne da ke kafa kyamarorin tsaro. Su kafa na'ura a bango, su yi wa ma'aikata rajista, su bar manhajar a kan saitin da ta zo da shi daga kamfani. Wata uku bayan haka sai a ce na'urar ba ta da kyau.

Akwai kuma batun maɓallan matsayi. Na'urorin suna da alamar shiga, fita, fita hutu, dawowa hutu, da na ƙarin lokaci, amma ma'aikatan da ke layi da yamma suna sauri su kama mota ba sa danna komai. Idan na'urar ta tsaya a kan "shiga" tun safe, kowa zai fita a matsayin mai shiga. Maganin shi ne ko dai a saita na'urar ta riƙa sauya alama da kanta bisa lokaci, ko a umarci manhajar ta yi watsi da alamar ta bi lokaci kawai.

Yatsa yana da nasa matsalolin a wurarenmu. A lokacin hunturu fata takan bushe ta tsage, sai na'ura ta ƙi karɓa har sai mutum ya hura wa yatsan iska ko ya shafa shi a goshi. Birkiloli, masu rini, masu wanki da ma'aikatan gona zanen yatsunsu kan goge, kuma ƙurar da ke taruwa a kan gilashin tana ƙara dagula lamarin. Ya kamata a yi wa kowa rajistar yatsu biyu ko uku daga hannu biyu, a kuma tanadi kati ga wanda yatsansa ya ƙi, duk da cewa kati ana iya ba wa aboki. Na'urar fuska ta kauce wa wannan, ta kuma fi sauri a layi, sai dai ta fi tsada, hasken rana kai tsaye na rikita wasu daga cikinsu, kuma inda ake da ma'aikata masu niƙabi dole a yi tunanin wurin da za a kafa ta ko a ba su zaɓin yatsa.

Babban haɗarin wannan zaɓi ba a bango yake ba, yana cikin kwamfutar ofis. Tsohuwar manhajar tana ajiye komai a fayil ɗaya a kwamfuta ɗaya, kuma idan ta lalace ko aka goge duk abin da ke cikinta, tarihin shekaru ya tafi. Agogon na'urar ma yana iya gudu ko ja da baya da 'yan mintuna a hankali, don haka ya kamata a riƙa daidaita shi, tunda minti huɗu sun isa su mayar da rabin ma'aikata 'yan makara. Mai rassa da yawa zai buƙaci babbar manhajar kamfanin ZKTeco, wato BioTime, wadda na'urori ke tura mata bayanai ta intanet, ita kuma lasisinta na kuɗi ne bisa yawan na'urori.

Manhajar waya mai biyan kuɗin wata

Jibble, Clockify, Connecteam da Zoho People misalai ne na wannan rukuni. Ma'aikaci yana danna shiga ko fita a wayarsa, manhajar ta ɗauki wurin da yake ta GPS, wasu kuma su ɗauki hoton fuskarsa. Ana iya zana da'ira a kan taswira a ce ba a karɓar dangwale sai a cikinta. Inda ma'aikata ba su da manyan wayoyi, ana iya ajiye waya ko kwamfutar hannu guda a bakin ƙofa kowa ya yi amfani da ita.

Haɗa shiga da fita ya fi sauƙi a nan, domin manhajar ta san halin da mutum yake ciki: wanda ya riga ya shiga ba za ta nuna masa maɓallin shiga ba, don haka matsalar maimaici ta kau, kuma aikin dare ba ya rabuwa biyu muddin an saita lokacin da rana ke yankewa. Matsalarta ta daban ce. Wanda ya manta bai danna fita ba, agogonsa zai ci gaba da tafiya har gari ya waye, a wayi gari yana da awa 23 na aiki. Galibinsu suna da saitin rufewa da kai bayan wasu sa'o'i, kuma suna adana sawun duk gyaran da aka yi, wanda wannan babban abin yabo ne.

Kafawa ba ta ɗaukar fiye da yini, kuma wasu, kamar Jibble da Clockify, suna da matakin kyauta. Sai dai abubuwan da ma'aikata mai girma ke buƙata, irin su matakan amincewa da cikakken tsarin jadawali, galibi suna matakin biya, kuma biyan galibi na kowane ma'aikaci ne a kowane wata, da dala. Wanda ya ga yadda darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023 ya san cewa kuɗin da aka yi kasafinsa a farkon shekara yana iya ninkawa kafin ƙarshenta ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ma'aikata 20 ba za su ji nauyin ba. Ma'aikata 300 za su ji.

Haɗarin ya kasu uku. Akwai manhajojin da ke ba waya wurin ƙarya, kuma duk da cewa wasu tsare-tsaren na gano su, ba duka ba. Akwai dogaro da sabis: wasu suna adana dangwale a waya su tura daga baya, amma abin da ya faru a Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa na makonni, ya nuna cewa "daga baya" na iya wuce ranar albashi. Sannan bayanan suna hannun wani kamfani a wata ƙasa. A Disambar 2021 masu kutse sun kai hari kan tsarin ƙididdigar lokacin aiki na Kronos na kamfanin UKG a Amurka, inda asibitoci da manyan kamfanoni suka koma rubuta lokacin aiki da hannu na tsawon makonni. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya riƙa sauke kwafin bayanansa kowane wata. Akwai kuma tambayar adalci da ba a cika yi ba: wayar ma'aikaci ce, datarsa ce, cajinsa ne, kuma yana da haƙƙin sanin ko ana bin sawunsa bayan tashi daga aiki.

Cikakken tsarin ma'aikata: ERPNext ko Odoo

Wannan shi ne zaɓin da ke haɗa zuwa aiki da hutu da albashi a wuri ɗaya. ERPNext, na kamfanin Frappe da ke Indiya, tare da sashensa na ma'aikata Frappe HR, manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya ɗorawa a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe tsarin da bayanansa. Abin da ya bambanta ta shi ne dokokin haɗawar a fili suke. A kowane shif za ka zaɓi ko a bi dangwale bi-da-bi ko a bi alamar shiga da fita. Ko a lissafa sa'o'i daga dangwalen farko zuwa na ƙarshe ko a tara kowane zagaye. Minti nawa kafin shif da bayansa za a karɓa. Sa'o'i nawa ne iyakar rabin rana, nawa ne iyakar fashi. Da lamunin makara da na tashi da wuri. Tana duba jerin ranakun hutu da takardun izini kafin ta rubuta fashi.

Akwai wata dabara a cikinta da ta dace da yanayinmu ƙwarai. Tsarin yana riƙe da lokacin ƙarshe da aka kwaso bayanai daga na'ura, kuma ba ya yanke hukunci a kan shif ɗin da ya wuce wannan lokaci. Idan reshen da ke ƙauye ya kwana biyu babu intanet, ba za a wayi gari an rubuta wa duka ma'aikatansa fashi ba. Tsarin zai jira. Kishiyar hakan ita ce idan ba a sabunta wannan lokaci ba, ba za a rubuta wa kowa komai ba, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka fi rikita sababbin masu amfani da ita.

Odoo, na kamfanin ƙasar Beljiyam, ya fi kyan gani da sauƙin fara aiki, yana da allon bakin ƙofa mai karɓar kati ko lambar sirri, kuma kowane rikodi a cikinsa shiga ce da fitarta a haɗe. Amma haɗa shi da na'urar yatsa da samun cikakken rarraba matsayi yakan buƙaci ƙarin manhajar wasu kamfanoni, kuma sashen albashinsa na hukuma yana nau'in biya.

Kalmar "kyauta" a nan tana buƙatar taka-tsantsan. Lasisi ne kyauta. Na'urar yatsa sai an saya, saba sai an biya hayarta ko an saye ta an ba ta wuta, kuma sai an sami masani da zai haɗa na'urar da tsarin, ya riƙa sabuntawa da adana kwafi. Idan yaro ɗaya ne ya san sirrin komai kuma ya sami aiki a Abuja, ma'aikatar ta shiga uku. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata an rubuta saitin a takarda, kuma kalmomin sirri suna hannun mai wurin.

| Ma'auni | Rajista da Excel | Na'ura da manhajar ofis | Manhajar waya | ERPNext ko Odoo |
|---|---|---|---|---|
| Tsarin kuɗi | Kusan babu | Saye na lokaci ɗaya | Kowane wata, da dala | Kafawa, saba da masani |
| Aikin dare | Mutum ke tantancewa | Yana yi idan an saita | Yana yi | Yana yi sosai a ERPNext |
| Rikodi mai giɓi | Gyara da biro | Doka ɗaya ga kowa, sawu mai rauni | Rufewa da kai, sawu mai kyau | Neman gyara da amincewa |
| Hana sa wa aboki hannu | Babu | Mai ƙarfi | Matsakaici | Ya danganta da na'ura |
| Rashin wuta ko sabis | Ba ya shafar sa | Yana jurewa da batir | Yana da rauni | Na'ura ta adana, tsari ya jira |
| Sauƙin farawa | Nan take | Kwana ɗaya ko biyu | Yini ɗaya | Makonni |
| Babban haɗari | Maguɗi da ɓata | Mutuwar kwamfuta | Canjin kuɗi da sabis | Tafiyar masani |

Wa ya dace da wanne

Kowanne aka karkata gare shi, kafin a biya kuɗi a ba mai sayarwa misalan nan uku ya shigar a gabanka: na mai dangwale biyar, na ma'aikaciyar dare, da na wanda ya manta fita. A duba abin da rahoto ya fitar. Bayan kafawa kuma a bar rajistar takarda ta ci gaba tare da sabon tsarin na wata guda ba tare da an taɓa albashin kowa ba, a kwatanta su, domin a wannan watan ne kurakuran saiti ke fitowa.

Shago, kemis ko ƙaramin ofis mai ma'aikata ƙasa da goma sha biyar a wuri ɗaya ya tsaya a rajista, ko ya gwada matakin kyauta na manhajar waya a kan waya guda a bakin ƙofa. Makarantar kuɗi ko ofis mai ma'aikata 30 zuwa 150 da ke aikin rana a harabar guda, na'urar yatsa mai batir da manhajarta ta wadatar da su, da sharaɗin a bi hanyar dangwalen farko da na ƙarshe, a ware wa Juma'a jadawalinta, a kuma riƙa kwafe fayil ɗin bayanai zuwa filashi duk mako. Masana'anta ko wurin gini inda hannaye ke goge ya fi dacewa da na'urar fuska a inuwa.

Ƙungiyoyin agaji, masu tallan kaya, masu gyaran sola da duk wanda ma'aikatansa ke yawo a gari ba su da abin da ya fi manhajar waya, sai dai su zaɓi wadda ke aiki babu sabis, su kuma ba ma'aikata kuɗin data. Asibiti mai shif uku, kamfanin tsaro, ko kamfani mai rassa a garuruwa daban-daban wanda ke son hutu da albashi su riƙa fitowa daga rikodi ɗaya, shi ne ya kamata ya ɗauki wahalar haɗa na'urorin yatsa da ERPNext. Idan kuma ba shi da masanin da zai riƙe masa tsarin na tsawon shekaru, BioTime da akanta mai lura ya fi masa kwanciyar hankali.